Ɗinki Bakwai a Ƙafar Isa

Atika ta sauka a Dogon Marke ranar wata Talata, a farkon kakar shekarar 1971, daga bayan wata mota da ta zo kwasar gujiya. Shekararta goma sha tara, ɗiyar wani direba ce a Maraɗi, tana shekara ta biyu a lakwal, wato makarantar koyon aikin jinya, a Yamai. An turo ta ƙasar Madarunfa ta yi wata uku tana koyon aiki da hannu. A jakarta akwai fararen riguna biyu da wani ɗan littafi mai koren bango da suke kira karne, inda aka jera duk abin da ake so ɗaliba ta yi kafin ta koma: allura, wankin ciwo, ɗaurin karaya, ɗinkin rauni. Gaban kowane layi an bar wurin da shugaban gidan likita zai sa hannu. Wadda ta koma da layi ba hannu, sai ta maimaita shekara.

Gidan likitan ɗaki uku ne na siminti, da rumfar kwano a gaba inda marasa lafiya ke jira. Shugabansa, babban ma’aikacin jinya da ake kira majo, shi ne Majo Usman, dogo mai tsabta, wanda ba a taɓa ganin ɗigon jini a rigarsa ba. Yana zama bayan tebur, ya tambayi mutum abin da ke damunsa, ya rubuta, ya miƙa ƙwayoyi. Ba mugu ba ne a idon mutane. Shi dai ya ɗauka zamansa a ƙauye kuskure ne da wani ya yi a ofis, kuma kullum yana jiran takardar da za ta mai da shi birni.

Mutum na biyu shi ne Baba Gambo. A takarda mai shara ne. Shi ke ɗebo ruwa, ya kunna risho, ya dafa almakashi da hantsaki a tukunya. Amma shekara ashirin da uku ke nan duk wani gyambo, ƙuna, saran gatari ko kurkunu da ya shigo gidan, hannunsa ne ke wanke shi. Majo huɗu sun zo sun tafi a gabansa. Bai iya karatu ba, bai jin Faransanci sai sunayen magunguna.

Ran da Atika ta fara aiki, Majo ya nuna mata ɗakin wankin ciwo da baki, ya ce, “Madmazal, can ne wurinki. Ki sa ido a kan tsohon, kada ya ɓata bandi.”

Ta shiga da niyyar sa ido. Wata mata ce zaune a benci, da gyambo a idon sawu, an naɗe shi da tsumma. Atika ta kwance tsumman, ta kau da fuska, ta miƙa hannu ga kwalbar jan magani.

“Dakata, ɗiyata,” in ji Baba Gambo. “Mi kika gani?”

“Gyambo ne, Baba.”

“Gyambo kowa ya gani, har akuyar da ke bakin ƙohwa. Ke mi kika gani?”

Ta sake duban ƙafar. Ya jawo ƴar kujera ya zauna, ya ɗora ƙafar matar a gwiwarsa, ya soma nuna mata da tsinken ashana ba tare da ya taɓa naman ba. Nan tsakiya, inda ya yi ja da ƴan ƙwayoyi kamar tsabar gero, sabon nama ne ke tasowa, ba a dirza shi. Nan gefe, inda ya yi rawaya da yauƙi, matacce ne, sai an cire shi sannan na ƙasa zai samu hanya. Ya ce ta duba bakin ciwon, ya kwanta ne ko ya naɗe ya yi tauri. Ya ce ta sa bayan hannunta a ƙafar mai ciwo, sannan a mai lafiya, ta faɗi wadda ta fi zafi. Ya tambayi matar ko tana jin kaluluwa a matsematsi, da wata nawa ciwon ya yi, da abin da ta zuba masa a gida. Matar ta ce toka da man shanu. Bai yi mata faɗa ba.

“Kuma ki daina riƙe numhwashi,” ya ce wa Atika. “Hanci ma ido ne. Warin ciwon da ke warkewa daban, na wanda ke ci gaba daban.”

Da ya gama wankewa da dafaffen ruwan gishiri, daga tsakiya zuwa waje, kowace auduga shafa ɗaya a yar, sai ya karyi kara daidai tsawon gyambon, ya karyi wani daidai faɗinsa, ya ɗaure su da zare ya soke a jikin tagar. A wurin akwai irin waɗannan karare kusan ashirin, kuma ya san mai kowanne. Idan mutum ya dawo bayan mako, sai ya gwada, ya ga ciwon ya ragu ko ya ƙaru.

Atika ta sayi kaye, littafin rubutu, a kasuwa ta riƙa rubuta abin da yake faɗi. Wani abin ta taɓa jin sa a Yamai daga bakin malamansu, da dogayen kalmomi, amma sai a nan ta gan shi da idonta. Cikin wata guda ta iya bambance ruwan ciwo mai kyau da mugunya tun daga jikin bandi. Ta iya jiƙa bandin da ya manne kafin ta ɗaga shi. Matar Baba Gambo takan aiko mata da hura da rana, shi kuwa idan ta yi daidai ba ya yabo, sai dai ya ce, “To, ɗaure.” Majo yana sa hannu a karnenta duk ranar Asabar ba tare da ya leƙa ɗakin ba.

Layi ɗaya ne ya ƙi cika, na ɗinkin rauni. Mutanen wajen ba sa kawo ciwo da ɗuminsa, sai ya kwana ya kumbura. Saura mata mako biyar, abin ya fara hana ta sakewa. Ubanta ya riga ya gaya wa duk tashar Maraɗi cewa ɗiyarsa za ta fito likita baɗi.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka kawo Isa a keken jaki. Manomin gujiya ne daga wani ƙauye wajen Safo, ɗan shekara talatin da ƴan kai, ƙaƙƙarfa, mai yawan dariya ko da yana cikin ciwo. Matarsa Kulu ce ta koro jakin. Bijiminsa na noma ne ya soke shi da ƙaho a tsokar bayan ƙafar hagu yana kwance masa igiya a turke. Bakin raunin ya kai tsawon yatsa, ya buɗe kamar an tsaga kabewa.

Baba Gambo ya tambaye shi yaushe abin ya faru.

“Shekaranjiya da marece, Baba. Na ce ko zai kame da kansa, ga gujiya a ƙasa.”

Tsohon ya wanke wurin da sabulu, ya ciro ƴan gashi da ɓurɓushin taki. Ya ɗauki dafaffen ƙarfen gwaji ya zura a hankali, ƙarfen ya shige ya yi sama, ya kusa ɓacewa. Ya dubi Atika.

“Kin gani? Bakin ƙarami ne a kan cikin. Ƙahon ya yi ɗaki a ciki. Wanga sai a bar shi buɗe, a wanke sahe da marece, a cusa mai laushi, ya ciko daga ƙasa.”

Suna cikin haka Majo ya leƙo, abin da bai saba ba. Ya ji an ce rauni mai buɗaɗɗen baki, kuma ya san layin da ya rage a karne. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya duba.

“Madmazal, ga ɗinkinki ya zo har gida. Kawo allura da zare.”

“Majo,” in ji Baba Gambo, murya ƙasa-ƙasa, “ciwon ya kwana biyu, kuma ƙaho ne. In aka ruhe bakin, ƙazantar da ke ciki ta ina za ta hita?”

“An wanke, ko ba ka wanke ba?”

“Na wanke inda hannu ya kai.”

“To, shi ke nan. Mutum yana da gujiya a gona, kana so ya yi wata biyu yana zarya nan? A ɗinke, a yi masa allura, ya tafi.”

“Majo, ka yi haƙuri, amma…”

“Gambo, wane lakwal ka yi?”

Akwai mutane a rumfa, sun ji. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ɗauki tasar ruwan ƙazanta ya fita da ita.

Atika ta san gaskiyar. Ba daga bakin Baba Gambo kaɗai ba, yana rubuce a littafinta na shekarar farko: raunin da ya daɗe, mai zurfi, mai datti, ba a rufe shi. Har ta ja layi a ƙarƙashin wurin da jan alƙalami. Ta buɗe baki, ta dubi Majo, ta tuna koren littafin da ke cikin aljihun teburinsa. Ta ce wa ranta ai shi ne babba, ya fi ta sani, kuma ga allurar feniselin za a yi. Ta wanke hannu ta zare allura.

Ɗinki bakwai ta yi. Sun jeru daidai, tazararsu ɗaya, bakin fatar ya haɗu lif. Isa ya cije haƙori har aka gama, sannan ya leƙa ya yi dariya.

“Kai! Malama, ko telan Maraɗi sai haka. Kulu, zo ki ga aiki.”

Majo ya ce ya dawo bayan kwana bakwai a cire zare. A babban littafin gidan likita ya rubuta cewa sabon rauni ne na safiyar ranar. Ya sa hannu a karnen Atika tun kafin Asabar. Da yamma Baba Gambo ya dafa kayan aiki kamar kullum. Bai karyi kara don ƙafar Isa ba, tunda babu abin gwadawa.

Ran Lahadi da azahar keken jakin ya dawo. Majo ya tafi Madarunfa tun safe gaisuwar wani abokinsa. Kulu ta shigo tana kiran sunan Allah, ta ce tun jiya Isa ke sambatu, jikinsa kamar garwashi. Da aka shigo da shi, kafin a kwance bandi Atika ta ji warin. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi, mai nauyi, wanda ba ta taɓa ji ba a duk gyambunan da ta wanke. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, fatar ta yi sheƙi, ta koma launin tsohuwar tagulla, da ƙuraje masu baƙin ruwa. Zarenta bakwai sun nutse cikin nama. Baba Gambo ya danna gefen da yatsa, aka ji wani ɗan ƙara a ƙarƙashin fatar kamar ana taka busasshen ganye.

“Iska ta shiga naman,” ya ce. “Ɗiyata, yanke zaren nan. Yanzu.”

“Baba, Majo ba ya nan. Bai ce a kwance ba.”

“Majo ba zai dawo ba sai magariba. Yanke.”

Ta tsaya da almakashi a hannu, ta kasa. Tana ganin idan ta yanke, ta amsa da hannunta cewa ɗinkin ne ya jawo. Tsohon ya karɓi almakashin, ya tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Raunin ya wage, wani ruwa mai kumfa ya kwararo har ƙasa. Ya yi ta ɗura ruwan magani yana wankewa, ya bar shi a buɗe, ya rufa ƙyalle mai tsabta sama-sama. Ya ce ta yi wa Isa allurar feniselin duk abin da ya rage, wannan kam ta yi. Sannan ya fita ya tsaya a tsakiyar hanya da hannuwa a sama, har wata motar gujiya mai zuwa Maraɗi ta tsaya don dole.

A babban asibiti aka yanke ƙafar daga saman gwiwa a ranar. Likitan da ya yi aikin ya ce da an ƙara rabin yini, da gawa za a kawo. Isa ya rayu. Likitan kuma ya rubuta takarda yana tambaya wa ya rufe irin wannan rauni.

Kwana goma bayan haka aka ce wani babban likita zai zo bincike. Ana gobe zai zo, Majo ya kira Atika ofis bayan an tashi aiki. Ya yi mata magana da taushi, da Faransanci, kamar abokiyar aiki.

“Ni da ke duka sunanmu na cikin wannan. Ni na ba da umarni, ke kika ɗinka. Ni in abin ya ɓaci, a kai ni wani ƙauyen, na saba. Ke kuwa ko takardar fita ba ki samu ba. Ba na ce ki yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa, kada ki ƙara.” Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko alƙalami, ya bar shi a buɗe yadda za ta hangi koren bangon. “Saura bayanin ƙarshe da zan rubuta a kanki. Ina so in rubuta mai kyau.”

Babban likitan Bature ne, mai gajiya a fuska, ya zo da ƙaramar mota kuma yana son komawa kafin rana ta yi zafi. Bai jin Hausa. Ya zauna a kujerar Majo ya karanta littafin gidan, ya ga an rubuta sabon rauni. Majo ya yi bayani: an ɗinke rauni mai tsabta bisa ƙa’ida, sai ga shi ranar da ba ya nan mai shara ya buɗe shi da almakashi, ba izini, ba sani. Ya ƙara da cewa ya daɗe yana fama da tsohon a kan taɓa marasa lafiya.

Baturen ya juyo ga Atika.

“Kin ga mai sharar ya yanke zaren?”

“Na gani.”

“Da izinin wa?”

“Ba da izinin kowa ba.”

“Raunin sabo ne lokacin da kika ɗinka?”

Ta ce, “Yadda Majo ya rubuta.”

Aka kira Baba Gambo. Ya shigo ya cire hula ya durƙusa daga gefe. Tunda ba ya jin Faransanci, Majo ne ya zama tafinta. Tsohon ya yi magana a natse, bai ɗaga murya ba. Ya ce ciwon ya kwana biyu kafin a kawo shi, ƙaho ne, zurfinsa ya kai kaza, ya nuna da yatsa. Ya ce ya faɗa a gaban mutane kada a rufe. Ya ce ran Lahadi ƙafar ta riga ta ruɓe kafin ya taɓa ta, a tambayi matar mutumin, a tambayi yarinyar nan, tana wurin.

Majo ya juya ya ce wa Baturen, “Ya ce shi ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, ya fi masu takarda sani, kuma in an sake kawo wani haka zai yi.”

Baturen ya girgiza kai ya rubuta.

Baba Gambo bai ji kalmomin ba, amma ya ji gajartarsu. Ya yi magana mai tsawo, an mayar da ita numfashi ɗaya. Ya ɗago ya dubi Atika, domin a ɗakin nan ita kaɗai ce bayan Majo ke jin harsunan biyu. Ya daɗe yana dubanta. Ita kuwa ta kafa ido a kan wata tsaga da ke simintin ƙasa, har Baturen ya rufe littafinsa ya miƙe.

Takardar kora ta zo bayan mako biyu. Saura shekara biyu Baba Gambo ya ajiye aiki a riƙa ba shi ɗan abin hutun tsufa, wannan ma ya tafi. Ya zo da safe ya share gidan kamar kullum, ya dafa kayan aiki, ya jera su, sannan ya ɗauki butarsa da buzunsa ya fita. Wankin ciwo ya koma hannun Atika ita kaɗai. Mutane suka ragu a rumfa. Matar nan mai gyambon idon sawu, wadda ciwonta ya kusa rufewa, ta zo sau ɗaya ta tambayi Baba, ba ta sake dawowa ba.

Ana jibi za ta koma Yamai, Atika ta je gidansa da la’asar. Ta same shi a ƙofar gida yana tufka igiyar rama. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Lahiya lau, Malama likita,” ya ce. “An gama aiki?”

Bai taɓa kiranta haka ba. Ta zauna a ƙasa, ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce ta zo sallama. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ci gaba da tufka, can ya ce:

“Abu guda nike so in sani, don ya daina yi mini yawo a kai. Ran nan, mi Majo ya ce wa Nasaran na ce?”

Ta gaya masa, kalma da kalma, tana kuka. Ya saurara har ta gama, hannunsa bai tsaya ba.

“To,” ya ce. “Ke kuma kin ji.”

“Na ji, Baba.”

“Shi ke nan. Tashi ki tahi, rana na hwaɗuwa.”

Ta ce ya yafe mata. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, irin yadda ake faɗa wa wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa. Matarsa tana daga cikin gida, ba ta fito ba.

Majo ya rubuta bayani mai kyau ƙwarai. Atika ta fito ta uku a ajinsu. Ta yi aiki a Tawa, ta yi a Damagaram, aka san ta da iya ciwo, har ana turo mata ɗalibai. Takan hana su taɓa kwalbar magani sai sun faɗi abin da suka gani, kuma ba ta taɓa gaya musu inda ta koya ba. Sau biyu ta zauna ta rubuta takarda zuwa ofishin lafiya tana bayyana abin da ya faru a Dogon Marke. Ta farko ta yaga. Ta biyu ta aika, a shekarar 1975, ba a amsa ba. Majo Usman kuwa ya samu canjin da yake nema tun tuni.

A damanar 1978 aiki ya kai ta Madarunfa rigakafi. Tana jiran mota a tasha sai ta ji an ce, “Malama! Malama mai ɗinki!” Wani mutum ne zaune a gindin bedi da faifan goro a gabansa, sandunan tafiya biyu jingine a bango, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an soke da tsinke. Ya rame, gemunsa ya yi fari, amma dariyar tana nan. Isa ne.

Ta gaishe shi, ta tambayi Kulu da yara. Ya ce suna nan. Gonar ƙanensa ke nomawa, shanun sun mutu a shekarun fari, shi kuma ga abin da yake yi. Ta tambaye shi labarin Baba Gambo.

Fuskarsa ta canza. “Wannan ai ya rasu tun shekarar yunwa. Sun tahi wajen Jibiya neman abinci, can ya kwanta. Allah ya jiƙan musulmi, amma ni ban je gaisuwa ba. Mutumin da ya raba ni da ƙahwata? Ke kin yi aikinki tsab, ina gani da idona, ya zo ya sa almakashi ya ɓata. Har gidana ya zo wai zai yi mini bayani, na ce Kulu ta ruhe ƙohwa.”

Atika ta tsuguna a gabansa, a cikin mutane, da farar rigarta.

“Malam Isa, ka saurare ni. Ɗinkin nan shi ya ruɓar da ƙafarka. Ciwon ya kwana biyu, bai kamata a rufe shi ba. Baba Gambo ya faɗa, aka ƙi ji. Ni na sani, na ɗinka. Da bai yanke zaren ba ya tare maka mota, da ba ka kai Maraɗi da rai ba. Ni ce na cuce ka, ba shi ba.”

Isa ya dube ta. Sai ya yi murmushi ya kaɗa kai.

“Allah sarki, Malama. Haka ƴan halak suke, ba su son a zagi mamaci. Amma ai Nasara ya zo da kansa ya bincika, takarda ta hito. In ke ce da laihi, mi ya sa ba ke aka kora ba?”

Ta sake faɗa masa, dalla-dalla, har da maganar tafinta. Yana ta gyaɗa kai irin na mai jin labarin da bai shafe shi ba. Da ta gama ya zaɓi farin goro babba, ya goge shi da gefen rigarsa ya miƙa mata. Ta ce a’a. Ya ce wallahi sai ta karɓa, ai bai taɓa samun abin da ya gode mata da shi ba.

Direba ya yi ta danna oda, abokan aikinta suna kiranta. Ta karɓi goron ta shiga mota. Suna fita daga tasha tana jin muryarsa yana gaya wa mai shayin da ke kusa da shi cewa wannan ita ce likitar da yake ba su labari, wadda hannunta ya fi na tela.